Wane tsarin gwajin manhaja ya dace da ƙaramar tawaga mai aiki da Laravel?

Ɗan Rumde (Garwa)

Assalamu alaikum 'yan uwa da manyanmu. Mu uku ne muke kula da wata manhajar shagunan kayan gini a nan Garwa. Tana riƙe ƙididdigar kayan da ke sito, tana fitar da rasit, tana bin bashin kwastomomi, tana kuma karɓar kuɗi ta MTN MoMo da Orange Money. Da Laravel aka rubuta ta, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen PHP, rumbun bayananta MySQL ne, masu shago ta burauza suke shiga. Akwai wani shago a Kusiri da yawancin masu sayensa daga Injamena suke tsallakowa, shi ma yana kanta.

Har yanzu da hannu muke gwada komai. In an gyara lissafin rangwame sai rahoton ƙarshen rana ya karkace, ba mai sani sai mai shago ya kira. Muna so mu kafa gwaji mai gudanar da kansa, amma sunaye sun yi mana yawa: PHPUnit, Pest, Dusk, Selenium, Cypress, Playwright. Da wanne ake farawa? Ta yaya ake gwada biyan kuɗi ta waya ba tare da an kashe kuɗin gaske ba? Ku yi la'akari da cewa kwamfutocinmu masu RAM giga 8 ne, data da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Allah ya saka da alheri.

Malam Domayo (Marwa)

Wa alaikumus salam ƙanena. Sunayen nan shida ba kishiyoyin juna ba ne duka. PHPUnit da Pest suna gwada kod ɗin PHP kai tsaye. Sauran huɗun burauza suke tuƙawa kamar mutum ya zauna yana dannawa. Ka fara da rukunin farko, don a nan ne kuɗin mutane yake.

Tsakanin PHPUnit da Pest kada ku ɓata yini guda kuna muhawara. A kan PHPUnit aka gina Pest, injinsu ɗaya, salon rubutu ne kawai ya bambanta, kuma `php artisan test` yana tayar da kowanne. Wanda ya zo a cikin aikinku tun farko, shi za ku riƙe.

Kafin ka rubuta gwaji ko ɗaya, ka kare rumbun bayananka. Laravel yana da RefreshDatabase, wanda a farkon gudu yake share dukan tebura ya sake gina su. Idan gwajin ya haɗu da rumbun da kuke aiki da shi, ya tafi ke nan. Ka buɗe rumbu dabam mai suna da ya ƙare da `_test`, ka rubuta sunan a `phpunit.xml`. Haɗarin da ya fi kama mutane shi ne `php artisan config:cache`: muddin akwai saitin da aka daskarar, Laravel ba ya sauraron abin da ke `phpunit.xml`, sai ya nufi rumbun gaske. Don haka ka sa ɗan bincike da zai tsayar da komai idan sunan rumbun bai ƙare da `_test` ba. Amma ka sa shi a wurin da ake tayar da manhajar, kafin RefreshDatabase ya motsa. In ka sa shi bayan `parent::setUp()` ka makara, an riga an share.

Sai lissafin kuɗi. Ka fitar da shi daga cikin controller ka mai da shi aji mai zaman kansa wanda bai san rumbu ba, bai san intanet ba: a ba shi lambobi, ya mayar da lambobi. Irin wannan gwajin ɗaruruwansa suna ƙarewa cikin daƙiƙa kaɗan ko a tsohuwar kwamfuta.

Sefa ba ta da ɓarɓashi a lissafi, ba kamar naira da kwabo ba, saboda haka duk kuɗi ka ajiye shi a matsayin cikakkiyar lamba, ban da float. A PHP, `floor((0.1 + 0.7) * 10)` yana ba da 7 ne, ba 8 ba, kuma irin wannan ne ke cinye sefa ɗaya-ɗaya a rahoto. TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. Ka ninka kuɗin da 1925, ka ƙara 5000, ka raba da 10000 da `intdiv`. Ga lambobin da ya kamata su shiga teburin gwajinka tun ranar farko:

Kaya na 200, harajinsa 38.5 ne daidai, ya kamata ya koma 39. Wannan yana gwada bakin rabi.

Kaya uku, kowanne 1,300. In an lissafa haraji layi-layi, 250.25 ne kowanne, ya koma 250, jimla 750. In an tara su 3,900 sannan aka lissafa, 750.75 ne, ya koma 751. Dukansu lissafi ne mai kyau, amma dole manhaja ta bi hanya ɗaya a rasit da rahoto da takardar haraji. Ku tambayi akawun shagunan wacce yake bi, ku kulle ta da gwaji. Ina kyautata zaton karkacewar rahoton da ka ambata daga irin wannan wurin take.

Farashin da haraji ke cikinsa, misali 1,000. In ka raba da 1.1925 za ka sami 838.57, ya koma 839. In ka sake lissafa haraji a kan 839 za ka sami 161.51, ya koma 162, jimla 1,001. Kwastoma ya ba da jaka ɗaya, rasit ya ce da saura. Maganinsa a cire 839 daga 1,000 a sami 161. Ka rubuta gwajin da zai bi lambobi daga 1 zuwa 100,000 yana tabbatar da cewa asalin kuɗi da haraji in an haɗa su suna komawa farashin da aka fara da shi.

Ka ƙara sifili, da rangwamen da ya fi kuɗin kayan, da kayan da aka dawo da su, da rabin awo kamar mita 2.5 na waya. Adadin harajin kuma kada a kafe shi a cikin kod, a miƙa shi daga waje, don wata rana za ku sami shago a Cadi. A PHPUnit irin wannan tebur DataProvider ne, a Pest `with()`. Kowane layi ka ba shi suna, don in ya faɗi ka san wanne ne.

Abu na biyu da ke ɓata rahoto shi ne agogo. Kamaru da Cadi suna gaban UTC da awa ɗaya, sabar kuma galibi a UTC take. Biyan da ya tabbata ƙarfe 12:30 na dare a Garwa, a rumbu 11:30 na daren jiya ne, sai ya faɗa rahoton jiya, in ƙarshen wata ne ya faɗa watan da ya wuce. Kada gwaji ya taɓa dogara da agogon gaske. Ka tsayar da lokaci da `travelTo`, ka yi ciniki 23:59 da 00:01 agogon Africa/Douala, ka duba kowanne ya shiga ranarsa. Haka wa'adin bashi: `addMonth` a kan 31 ga Janairu 2025 yana kai ka 3 ga Maris, ya tsallake Fabrairu gaba ɗaya. In 28 ga Fabrairu kake nufi, `addMonthNoOverflow` ne.

Shawara ta ƙarshe a kan tsohon kod da ba shi da gwaji: kada ku ce za ku tsaya wata guda ku rufe shi duka, ba za ku gama ba. Duk ƙorafin da ya zo daga shago, a fara rubuta gwajin da ke nuna kuskuren, a gan shi ya faɗi, sannan a gyara. Gwajin da ba ka taɓa ganin faɗuwarsa ba, ba ka da tabbacin yana duba wani abu.

Maman Sadiya (Injamena)

Malam ya gama da lissafi, bari in ɗauki biyan kuɗi ta waya, don nan ne asara ta fi zafi.

Ɗan uwa, ka raba abin gida biyu. Akwai tambayar ko sabar kamfanin waya tana amsawa yadda takardunsu suka ce, akwai kuma tambayar ko manhajarku tana yin daidai a kowace irin amsa. Ta biyun ce taku, kuma ba ta buƙatar intanet ko sefa ɗaya.

Ka yi interface guda, a ce mai ayyuka biyu: nemi biya, duba matsayin biya. MTN ajinsa, Orange ajinsa, gobe in kun shigo Cadi Airtel Money da Moov Money kowanne ajinsa. Sauran manhajar interface ɗin kawai ta sani. A gwajin ciniki sai ka sa na bogi wanda kai ne kake gaya masa abin da zai amsa. Su kuma azuzuwan gasken ka gwada su da `Http::fake()`, ka zuba masa amsoshin da ka kwafo daga dandalin gwaji na kamfanin. A `setUp` ka kira `Http::preventStrayRequests()`. Da shi, duk kiran da ka manta ba ka rufe ba zai fasa gwajin nan take maimakon ya fita waje a ɓoye. Amma ka lura, wannan yana kama kiran da ya bi ta Http na Laravel ne kaɗai. In wani ya rubuta curl da hannu a wani lungu, zai wuce.

Yadda na MTN yake aiki: kai ne kake ƙirƙirar lambar shaida irin UUID ka aika a X-Reference-Id, su amsa da 202. Wannan 202 ɗin ma'anarsa sun karɓi buƙata, ba an biya ba. Kwastoma bai ma sa lambar sirrinsa ba tukuna. Daga baya matsayin zai zama SUCCESSFUL ko FAILED, kafin nan yana PENDING. Gwajin farko da zan so in gani a wurinku shi ne: an sami 202, kaya ba su fita daga sito ba, rasit bai ce an biya ba.

Daga nan sai ka bi hanyoyin da abu ke lalacewa, kowacce da gwajinta. Sanarwar biya, wato saƙon da kamfanin waya ke aiko wa sabarku, ta iso sau biyu, wanda abu ne da ke faruwa a kowane irin tsarin biya in sabarku ta yi jinkirin amsawa: dole a rubuta biya ɗaya, siminti ya ragu sau ɗaya. Abin da ke tabbatar da wannan unique index ne a kan lambar shaidar, ba `if` a cikin kod ba. Sanarwa ba ta iso ba sam: aikin da ke zagayawa yana tambayar matsayi ya gano an biya ya rufe cinikin. Rezo, wato layin sadarwa, ya yanke bayan kun aika buƙata kafin amsa ta dawo: a nan ka sa na bogin ya jefa ConnectionException, ka tabbatar manhajar ba ta ɗauka an fasa ba, kuma in za ta sake tambaya da tsohuwar lambar shaida za ta tambaya. In ta ƙirƙiri sabuwa, kwastoma zai iya biya sau biyu. Kuɗin da ke cikin sanarwa bai kai na rasit ba. Sanarwa ta zo da lambar da ba ku sani ba, ko wani ne ya ƙirƙiro ta daga waje: kada a yarda da ita sai an koma an tambayi kamfanin. Kashiya ya gaji da jira ya soke cinikin ya karɓi tsabar kuɗi, bayan minti biyar biyan waya ya tabbata. Wannan na ƙarshen ba kod ne zai yanke hukuncinsa ba, mai shago ne, amma dole manhaja ta ɗaga tuta a gani.

Dandalin gwajin kamfanin kuma ka ware masa gwaji biyu ko uku a rukuni dabam, a riƙa tayar da su da hannu kafin a saki sabon fasali. A dandalin gwaji na MTN da EUR ake aika kuɗi, a na gaske XAF, wato sefa, don haka nau'in kuɗin ya fito daga saiti, kuma a sami gwajin da ke duba shi.

Lambobin waya ma su sami teburinsu. Na Kamaru 237 ne da lambobi 9, na salula suna farawa da 6. Na Cadi 235 ne da lambobi 8. Mutane suna rubutawa da tazara, da +, da 00 a gaba, ko ba lambar ƙasa. Shagonku na Kusiri zai ga duka biyun a rana ɗaya.

Sai wani abu da nake so in ja kunne a kai tun kafin wani ya ba ku shawararsa. Za a ce ku yi gwaji da SQLite a cikin ƙwaƙwalwa don ya fi sauri. Gaskiya ya fi sauri, amma shagunanku a kan MySQL suke. SQLite ba ya damuwa da tsawon VARCHAR, sai sunan da MySQL zai ƙi ya wuce lafiya. `lockForUpdate` ba ya yin komai a SQLite. Neman suna ma ya bambanta: a MySQL da collation irin `utf8mb4_unicode_ci`, in ka nemi "Ngaoundere" za ka sami "Ngaoundéré", a SQLite ba za ka samu ba. Kuma in wani tsohon tebur yana latin1, haruffan ƙ da ɗ da ɓ da sunayen da aka rubuta da Larabci ba za su shiga daidai ba, SQLite kuwa ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Ka sa kwastoma mai suna da ƙ, da wani mai é, da wani da harafin Larabci a cikin bayanan gwaji, ka ajiye, ka karanto, ka fitar da rasit ɗin PDF ka duba. Sau da yawa rumbu yana da lafiya, font ɗin rasit ne ba shi da harafin.

Ɗan Rumde (Garwa)

Na gode Malam, na gode Hajiya. Na duba, lallai rasit layi-layi yake lissafa haraji, rahoto kuma a jimla. Tambaya biyu: in MySQL za mu yi amfani da shi, ba zai yi nauyi ba? Migration ɗinmu, wato fayilolin da ke gina teburan rumbu, sun haura ɗari. Sannan na burauzan fa, mu bar su gaba ɗaya?

Maman Sadiya (Injamena)

Ba zai yi nauyi ba. RefreshDatabase sau ɗaya yake gina tebura a kowane gudu, bayan haka kowane gwaji a cikin transaction yake, a ƙarshe a janye shi. Ka yi `php artisan schema:dump` don ya loda fayil ɗaya maimakon bin migration ɗari. A kwamfutar gwaji kaɗai, ban da sabar shaguna, ka sa `innodb_flush_log_at_trx_commit` ya zama 2 ko 0. Ka duba BCRYPT_ROUNDS yana 4 a `phpunit.xml`, in ba haka ba duk mai amfani da factory ta ƙirƙira sai ya ci lokaci. In gwaje-gwajen sun yi yawa akwai `--parallel`, yana buƙatar paratest, kowane reshe da rumbunsa. A giga 8 ka tsaya a reshe biyu ko uku.

Abu ɗaya da wannan transaction ɗin zai ɓoye maka: kashiya biyu suna sayar da buhun siminti na ƙarshe a lokaci guda. Wannan sai da haɗi biyu na gaske zuwa rumbu, a gwaji dabam da ba ya amfani da RefreshDatabase.

Na-Baladji (Ngaundere)

Kada ku bar na burauza, amma ku taƙaita su. Biyar zuwa goma sun isa irin manhajarku: shiga, ciniki da tsabar kuɗi har fitar rasit, ciniki a bashi, karɓar kaya a sito, rufe rana. Duk abin da za a iya dubawa a ƙasa, kamar ko kashiya yana da izinin ganin riba, a duba shi da gwajin HTTP na Laravel, `actingAs` da `get` da `assertForbidden`, ba sai an tayar da Chrome ba. Na burauza aikinsa ya kama abin da PHP ba ya gani: JavaScript ya mutu, maɓalli ya ɓuya a bayan wani abu, jimlar da ke kan allo ta saɓa da ta sabar.

Ni Playwright zan ce. Selenium dattijo ne, tun 2004 yake, kuma WebDriver da ya fito daga gare shi ya zama ƙa'idar W3C a 2018. Yana aiki, amma kai ne za ka riƙa rubuta jira da hannu, kuma a nan ne mutane ke zuba `sleep`. Dusk a kan ChromeDriver yake, daɗinsa da PHP ake rubuta shi kuma yana ganin factory ɗinku. Wahalarsa duk lokacin da Chrome ya sabunta kansa sai direban ya dace da shi, ga shi ba ya tafiya da RefreshDatabase, domin burauza da gwajin ba a haɗi ɗaya suke ba, abin da ke cikin transaction ɗin gwaji sabar ba ta ganinsa. Sai dai DatabaseTruncation ko DatabaseMigrations. Playwright na Microsoft ne, ya fito a 2020, shi da kansa yake jira abu ya bayyana ya kuma dannu kafin ya danna, `expect` ɗinsa yana sake dubawa har daƙiƙa 5 kafin ya ce an faɗi.

Game da data: `npx playwright install` haka kawai zai sauko da Chromium da Firefox da WebKit, ɗaruruwan mega. Ka rubuta `npx playwright install chromium` kaɗai. A Linux yana ajiye su a `~/.cache/ms-playwright`, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa da filashi, in dai tsarin kwamfutocin iri ɗaya ne. Ku kafe lambar fitowar Playwright a `package.json`, don kowace sabuwa da burauzarta take zuwa, sai a sake saukewa. Ko kuma ka sa `channel: 'chrome'` ya yi amfani da Chrome da ke kan kwamfutar.

Wajen nuna masa abin da zai danna, ka guji dogon CSS da XPath da aka kwafo daga burauza, ranar da aka matsar da div ɗaya duk sun karye. Ka yi amfani da `getByRole` da `getByLabel`. In allonku yana sauya harshe tsakanin Faransanci da wani, `data-testid` ya fi. Ka kafe `locale` a fr-FR da `timezoneId` a Africa/Douala a saiti, don sakamako ya zama ɗaya a kowace kwamfuta.

Ga wani tarko da zai iya cinye maka yini. In JavaScript ne ke tsara kuɗi da `Intl.NumberFormat` a Faransanci, tazarar da ke cikin "12 500" ba irin wadda kake bugawa a madannai ba ce, siririyar tazara ce mai lamba U+202F. Ido yana ganin abu ɗaya, kwatancen rubutu kai tsaye ya ce sun bambanta. Ka cire duk abin da ba lamba ba kafin ka kwatanta.

Abin da ya sa na fi son Playwright a yankinmu shi ne rezo. `context.setOffline(true)` yana yanke intanet a tsakiyar ciniki, `page.route` yana ba ka damar riƙe amsa daƙiƙa goma. Ka jinkirta amsar, ka danna maɓallin biya sau biyu kamar yadda kashiya zai yi in layi ya yi tsawo kuma allo bai motsa ba, sannan ka ƙirga rasit nawa aka rubuta. Shiga kuma sau ɗaya za a yi a ajiye da `storageState`, kada kowane gwaji ya fara daga shafin kalmar sirri.

In gwaji yana wucewa yau ya faɗi gobe ba a taɓa komai ba, a gyara shi a makon ko a cire shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin da zarar kun saba ganin ja, alamar faɗuwar gwaji, kuna cewa "ai wancan ne mai rigima", ranar da jan gaske ya zo ba wanda zai duba. Sanadinsa kusan kullum ɗaya ne cikin uku: gwaji ya dogara da bayanan da wani gwajin ya bari, ko agogon gaske, ko kira zuwa waje. Ka kunna `trace: 'on-first-retry'`, zai ajiye maka hoton kowane mataki da duk kiran da burauza ta yi.

Malam Domayo (Marwa)

Na yarda da Na-Baladji a kan yawan gwajin, amma a kan zaɓin ina da ja kaɗan. Su uku ne, kuma PHP suke rubutawa. Playwright zai kawo musu Node da wani harshe, sannan sai sun nemi hanyar shirya bayanai kafin kowane gwaji, ko ta umarnin artisan ko ta wata ƙofa da ke buɗe a yanayin gwaji kaɗai, kuma irin wannan ƙofar in aka manta ta a sabar gaske bala'i ce. In allonku Blade ne da ɗan Livewire, Dusk ya wadatar, `php artisan dusk:chrome-driver --detect` yana daidaita direban. In kuwa Vue ko React ne da aiki ba rezo, to maganarsa ce daidai.

Sai inda za a riƙa tayar da su. Gwajin da sai mutum ya tuna yake tayarwa, ranar gaggawa ba za a tuna ba. In kod ɗinku yana GitHub, Actions yana ba da minti 2,000 kyauta a wata ga ma'ajiya ta sirri, kuma saukar da kaya duk a sabarsu ake yi, datarku ta `git push` ce kawai, ɗaukewar wuta a Garwa ba ta tsayar da shi. Ka sa MySQL a matsayin service, lambar fitowarsa da ta PHP su zama daidai da na sabar shaguna, ka jira ya gama tashi kafin migration, ka ajiye cache na composer. Na PHP su gudu a kowane push, na burauza a lokacin haɗewa da babban reshe. Ka kulle reshen yadda ba a haɗewa sai an ga kore, in tsarin asusunku ya ba da dama, in bai bayar ba ku mai da shi doka a tsakaninku. Makullan MTN da Orange na gaske kada su shiga wurin ko kusa.

Ma'aunin yawan kod da gwaji ya taɓa, ka auna shi da PCOV, ya fi Xdebug sauri nesa. Amma kada ku sa wa kanku kashi 80 ko 90 a matsayin buri, domin layi yana iya gudana ba tare da an duba sakamakonsa ba. Ga ajin lissafin kuɗi da na biya kaɗai, ku tayar da Infection sau ɗaya a wata. Shi yana sauya kod ɗin da gangan, ya mai da `>=` ya zama `>`, ya mai da tarawa ta zama ragewa, ya ga ko wani gwaji zai faɗi. Duk sauyin da ya wuce ba a kama shi ba, ya nuna maka layin da za ka ƙara a tebur. Ka ba shi `--filter` da sunan fayilolin biyu, in ka sake shi a kan manhajar duka zai kwana yana gudu.

Ɗan Rumde (Garwa)

Blade da Livewire ne, Malam, sai shafin kashiya kaɗai da ke da JavaScript mai yawa. Za mu fara da rumbun `_test` da ajin haraji a wannan makon, sannan na biya. Hajiya, in na rubuta gwajin kashiya biyu da buhu ɗaya zan liƙo shi a nan ki duba mini, don ban gane yadda zan riƙe haɗi na farko a buɗe ba yayin da na biyu yake jiran kulle.

Maman Sadiya (Injamena)

Liƙo shi. A taƙaice: ka bayyana haɗi na biyu a `config/database.php` mai nuni ga rumbun gwajin nan dai. A na farko ka buɗe transaction ka kulle layin simintin da `lockForUpdate`, kada ka rufe. A na biyu ka sa `innodb_lock_wait_timeout` ya zama 1, ka tayar da cinikin ta kansa. In kod ɗinku yana neman kulle tun wajen karanta adadin da ya rage, zai tsaya a nan, bayan daƙiƙa ɗaya MySQL ya jefa kuskure mai lamba 1205. In kuwa ya karanta adadin ba tare da jira ba ya wuce har sai wajen ragewa, to a shago buhu ɗaya zai iya fita a rasit biyu. Don haka gwajin ya duba a kan wace tambaya kuskuren ya faɗo, kada ya tsaya a kan cewa ya faɗo kawai. A ƙarshe ka janye transaction na farko a `finally`, ka share teburan da hannu, in ba haka ba gwajin da ke biye zai maƙale.